Toka a Goshina

Ranar wata Laraba ce a ƙarshen watan Fabrairu, shekarar da na shiga ajin farko na kolej, wanda muke ce wa sizyem, ina ƴar shekara goma sha biyu. Na makara. Faba-faba, ƴar bas ɗin nan ta Yamai da ba ta tashi sai ta cika maƙil, ita ta mace mana a hanya, muka ƙarasa da ƙafa, ni da jakata da ƙullin ƙosaina da ya riga ya huce. Da na shigo ƙofar makaranta ban tarar da kowa a fili ba, ajinmu ma wayam, sai jakunkuna a kan tebura. Can wajen itatuwan dogon yaro na hango layin ɗalibai, kowa cikin kayan makaranta masu ruwan bula, suna tafiya bibbiyu, babu mai ko tari. To tun ranar Litinin aka gaya mana ma'aikatan likita za su zo su yi mana allurar sanƙarau, don lokacinsa ya kama. Sai na ce a raina, yawwa, ga layin allura nan, in na saje da su, sirbeyan mai tsaron ɗalibai ba zai gane na makara ba. Na jefa jaka a aji, na lallaɓa na kutsa tsakiyar layi, har ina yaba wa kaina wayo. Ashe ba ɗakin magani layin ya nufa ba. Coci ya shiga, da ni a ciki.

Kafin a gane girman abin da ya same ni a bakin ƙofar nan, sai an san Babana. Mu mutanen Gaya ne. Baba yana da babbar motar kaya, kamiyo ɗaya, tsoho amma mai ƙarfin hali, da yake ɗauko kaya daga Kotonu, ya tsallako kadarkon Malanbil, ya kwana biyu yana fama da ƴan duwan masu binciken kaya a kan iyaka, sannan ya wuce Doso zuwa Yamai. Bai yi lakwal ba, wato boko, ko na kwana ɗaya, kuma abin ya tsaya masa a rai, domin duk takardar da aka miƙo masa a kan iyaka sai ya nemi mai karanta masa. Da na ci sartifika, jarrabawar gama firamare, da maki mai kyau, sai ya ce za a kai ni Yamai wajen ƙanwarsa, Gwaggo Mariyama, a sa ni makarantar masor, matan nan ƴan Katolika masu farin lulluɓi da ba sa aure, don ya ji a can ba a yajin aiki, ba a kuma wasa da karatu. Gidanmu ya ɗauki zafi. Yayansa, Baba Sani, mai shagon tayoyi a bakin tasha, ya zo har zaure yana cewa an ɗauki ƴa an miƙa wa Nasara, shekara ɗaya za ta dawo da gicciye a wuya. Aka yi ta ja-in-ja har bayan la'asar. Daga ƙarshe Baba ya kira ni, na durƙusa a gabansu, ya ɗaga yatsa ya ce, "Hadiza, wallahi tallahi, ranar da ƙafarki ta taka cocinsu, ranar karatunki ya ƙare." Duk Gaya an san Baba da abu ɗaya: in ya ce wallahi, magana ta mutu. Kuma kowa ya ji, har maƙwabtan da ke zaune a dakali.

Makarantar tana can bayan gari, inda gidaje suka fara tsinkewa, sai kangaye da gonakin gero. Ni dai ina son ta, in faɗi gaskiya. Ina son tsabtarta, da ɗakin littattafai da ake barin mutum ya ari littafi ya kai gida, da famfo mai ruwan sanyi a gindin mangwaro. Musulmi mun ma fi yawa a ajin. Ba wanda ya taɓa ce mana mu yi addu'arsu. In lokacin ibadarsu ya yi sai a tara mu a wani dogon ɗaki mu yi bitar karatu, da azahar kuma akwai rumfa da tabarmi da butoci. Amma cocin, da ke tsaye a kusurwa da ƴar ƙararrawarsa, ko inuwarsa ba na takawa. In ƙwallonmu ya gangara can lokacin shan iska, sai dai wata ta ɗauko. Har kewaye nake yi ta bayan ajujuwa in zan je famfo, ƙawaye suna yi mini dariya.

Yau ga ni a ciki tsundum. Na so in juya, amma bayana mutane, gabana mutane, a bakin ƙofa kuma ga Masor Anyes, shugabar makaranta, doguwar mata mai tabarau, wadda kallonta kawai ke sa ɗalibi ya gyara tsayuwa. In na fita na tona wa kaina asiri. Ban da haka, mu an raine mu a kan cewa yaro ba ya ratsa sahu, ba ya juya wa manya baya ana tsakiyar abu. Sai na sunkuyar da kai na ce bari in lafe har a gama in sulale. Ɗakin da duhu-duhu, da sanyi, da ƙanshin wani turare da ban sani ba. A bango ga wani mutum-mutumi an kafe shi da ƙusoshi, jini a haƙarƙarinsa; sau ɗaya na kalle shi na kau da kai, ina karanta Ƙulhuwallahu a zuci ina ta sarƙewa. Aka yi waƙa, aka zauna, aka tashi. Sai kuma na ga bencinmu ya miƙe, an nufi gaba ɗaya bayan ɗaya, ta bayana tana tura ni da gwiwar hannu. Kafin in yi wani tunani ga ni gaban Monper, limaminsu, wani tsohon Bature, riƙe da ɗan kwano. Ya tsoma babban yatsa, ya ɗan ture ɗankwalina sama, ya ja mini layi a goshi, ya ja wani ya gitta shi, yana faɗin wata magana da Faransanci da ban kama ko kalma ɗaya ba. Yatsan nasa sanyi ƙalau. Na dubi ta gefena, na ga abin da ke goshinta, na san shi ke nawa: gicciye ne, da baƙar toka.

Ana fitowa na ja ɗankwali har gira na ruga famfo. Ina cikin dirzar goshi da yashi da ruwa sai na ji an ce a bayana, "Lallai, Hadiza ƴar Alhaji, barka da shiga sabon addini." Balki ce. Ƴar unguwarmu ce a Gaya, gidansu na kallon namu, tana aji biyu a gabana. Uwarta ita ce mai yi wa Innata kitso, matar da in labari ya shiga kunnenta da safe, kafin azahar ya kai har garin Tunuga. Balki ta ga fitowata daga coci da idonta. Na kama hannunta ina kuka ina rantse-rantse cewa kuskure ne, allura na zo. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce ba komai, bakinta alaikum, amma daga yau ni zan riƙa yi mata sharar ajinsu duk ranar da ta faɗo kanta. Na ce na yarda, tun kafin ta rufe baki.

Abin bai tsaya nan ba. Da rana na tambayi Odet, ƴar Benin da muke zama benci ɗaya, a kaikaice kamar ba ruwana, me Monper yake faɗa in ya shafa wa mutum tokar nan. Ta ce, tana tauna murfin bik ɗinta na rubutu, ai cewa yake yi ka tuna kai turɓaya ne, turɓaya kuma za ka koma. Yau suka fara azuminsu na kwana arba'in. Innalillahi! Ni maganar azumi ba ta ko shiga kunnena ba. Abin da na ji shi ne tsoho ya dafa goshina ya ce zan koma ƙasa, ga kuma kwana arba'in an ambata. A Gaya na sha jin labarin wanda aka yi wa baki ya bushe a tsaye. Na ƙirga a yatsu, na ga kwanakin za su cika daidai lokacin hutun Pak, idin ƙarshen azuminsu, da za mu tafi gida. Na ce shi ke nan, ko dai in mutu kafin hutu, ko in isa Gaya Baba ya cire ni. Wallahi a lokacin ban san wanne na fi tsoro ba.

Gidan Gwaggo gidan haya ne mai ɗakuna shida, kowane ɗaki da iyalinsa, Zabarmawa da Hausawa da wasu ƴan Togo masu gyaran rediyo. Aikina ne in share tsakar gida da sassafe, in ɗebo ruwa bokiti huɗu daga famfon unguwa, in wanke kwanoni, in je niƙa. Da can ina yi ina waƙa. Yanzu kuwa kullum kafin in fita sai na yi wanka irin na shiga Musulunci, yadda na taɓa jin malaminmu na allo ya kwatanta, in yi kalmar shahada sau bakwai, in ƙara bakwai don ko na farko ba su karɓu ba. Gwaggo ta fara faɗa wai ina ƙarar mata da ruwa da sabulu, ko aljani ne ya aure ni? Goshin kuwa na dirje shi da soso har ya saɓule ya yi ɓawo, na ce mata ƙofa ce ta buge ni. In na yi sujada sai in danna wurin a ƙasa da ƙarfi, in daɗe, wai ko abin da ya rage zai fita. Ba wanda zan tambaya, don malamin unguwa abokin mijin Gwaggo ne, mijin Gwaggo kuwa ba ya ɓoye wa Baba komai. Ranar da aka zo aka yi allurar sanƙarau ɗin ta gaske, da yamma jikina ya yi zafi, wuyana ya ɗan ƙage, sai na kwanta na juya fuska gabas na miƙe ƙafafu ina jira. Gwaggo ta shigo ta gan ni haka, ta ce, "Ke tashi ki ba ni wuri, uwar raki, kowa aka yi wa allura haka yake ji."

Balki kuwa ta samu baiwa. Daga shara aka koma ɗaukar jaka, daga nan kwafar darasi, daga nan ƙosaina ya zama nata. Ba ta taɓa ɗaga murya ba. In ta hango ni muna ƴar gala-gala ko tsallen igiya, sai kawai ta ɗaga babban yatsa ta ja layi biyu a goshinta tana murmushi, ni kuwa in fita daga wasan in bi ta. Karatuna ya zube. Ni da nake ta uku a aji, sai ga mushen lissafi, malaminmu, riƙe da takardata yana tambaya ko wata ce ta rubuta da sunana. Ana cikin haka Baba ya zo Yamai da kaya, ya biyo ya gan mu, ya kawo mana rake da busasshen kifi da muruci. Na gaishe shi daga bakin ƙofa, ɗankwali har gira. Ya ce in matso. Ya kama haɓata ya ɗaga ya dube ni da kyau, ni kuwa na riga na sallama, don a ganina gicciyen na nan ɓaro-ɓaro, kowa na gani, kara kawai ake yi mini. Sai ya ce wa Gwaggo, "Yarinyar nan ta rame, karatun ne?" Ya shafa kaina ya ce in dage, shi ya san ba zan ba shi kunya ba. Da mari na ya yi da ya fi mini sauƙi. Raken nan ban iya sha ba, na raba wa yaran gida.

Masor Anyes ce ta gano akwai abu. Wata Juma'a ta tarar da ni ina share ajin su Balki ni kaɗai, ta kira ni buronta, wato ofishinta. Ta rufe ƙofa, ta cire tabarau, sai na ga ashe idanunta ƙanana ne, na gajiyayyiyar mata. Hausarta ta koyo ce, tana jan kalmomi, amma da ita ta yi mini magana, kuma ina jin wannan ne ya kwance mini baki. Na faɗa mata duka ina shessheƙa. Sai ta ɗauko ɗan kwanon nan na Monper ta ajiye a gabana. Ta ce ganyen dabino ne na bara, ita da hannunta ta ƙona shi a bayan madafa. Ta ce ba a zama Kirista da toka, kamar yadda ita ba za ta zama Musulma don ta sha ruwa a butarmu ba, maganar turɓaya kuwa har da shi Monper ɗin a ciki. Na sauke wata doguwar ajiyar zuciya: ashe ba mutuwa zan yi ba. Amma da ta ce za ta rubuta wa Babana takarda ta ce laifinsu ne da ba su lura ba, sai na zube ƙasa na riƙe ƙafarta. Takarda! Wa zai karanta masa? A tasha za a karanta, gaban Baba Sani da kowa. Kuma ita ba ta gane ba: Baba bai rantse a kan toka ba, bai rantse a kan zuciyata ba, a kan ƙafata ya rantse, ƙafar kuwa ta taka. Ta yi alkawari ba za ta rubuta ba. Ta kira Balki ta ja mata kunne, aka daina sa ni shara. A bakin famfo Balki ta ce mini a hankali, "Kin kai ƙarata ko? Allah ya kai mu Gaya."

Hutu ya zo cikin tsananin zafin bazara. Mota ɗaya muka shiga da Balki, tana kujerar bayana, tana cin gyaɗa tana hira da kowa. Da can hanyar nan ita ce daɗin duniyata: a tsaya Doso a sayi kilishi da ruwan sanyi, daga nan itatuwa su fara yawa, har a hango giginyu tsaye-tsaye, ka san gida ya kusa. Wannan karon kowace giginya na gani sai in kau da kai. Ina addu'a taya ta fashe, ina kuma tuba don akwai jarirai a motar.

Gida yana nan yadda na bar shi. Inna tana tankaɗe a gindin mangwaro, awaki na ɓarna a wajen turmi, ƙannena suka rufe ni da ihu suna jan jaka. Aka yi mini dambu da zogale da soyayyen kifin gulbi, abin da nake mafarki a Yamai, na kasa haɗiye loma uku. Washegari muka je wanki bakin gulbi, inda da can muke tsere da ƴan unguwa muna ƙirga jiragen masunta, ni dai ina zaune a kan dutse kamar baƙuwa. A hanyar dawowa Inna ta ce gobe uwar Balki za ta zo yi mata kitso. Gobe! Na san in aka zauna kitson nan, kafin a gama gefe ɗaya Inna ta ji, kafin a gama ɗayan Baba Sani ya ji, Baba kuwa shi zai zama na ƙarshe, ya tsinci labarin ƴarsa a bakin tasha. Wannan ne na ga ba zan iya ɗauka ba, na ce gara ya ji a bakina.

Bayan la'asar Baba ya dawo daga masallaci ya zauna a zaure yana gyara wata fitilar mota. Na durƙusa na ce, "Baba, na taka." Bai tambaye ni me na taka ba. Ya ajiye fitilar a hankali. Na ba shi labari tun daga faba-faba har kwanon toka, muryata na fita kamar ta ɗan tsako. Tambaya biyu ya yi mini: ko na faɗi wani abu da bakina a ciki, na ce Ƙulhuwallahu kawai, ita ma a zuci, ko wani ya tilasta ni, na ce a'a, wautata ce. Sai ya ce, "Tashi ki shiga gida." Ba duka, ba zagi, ya ɗauki fitilarsa ya ci gaba da gyara.

Kwana biyu bai ce mini uffan ba. In na kai masa ruwan alwala sai ya karɓa yana kallon wani wuri. Uwar Balki ta zo ta yi kitsonta ta kuma yi aikinta, kafin magariba unguwa ta ɗauka, har an ƙara gishiri, wai an yi mini wanka a coci an sa mini suna Mari. Baba Sani ya zo da carbinsa yana huci, muna jin sa daga cikin gida: ai ya faɗa, ai ga ta nan, yanzu sai a ga ko wallahin wasu na da nauyi. Ban ji muryar Baba ba ko sau ɗaya. Inna ta daina haɗa ido da ni, ta ɗauki kayan makarantata da na wanke ta ninke ta sa can ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwan da ba a ɗaurawa. Da na ga haka na shiga bayan rumbu na yi kuka mai isata. Na fara koya wa kaina haƙuri: zan zauna in taya Inna sayar da ƙanƙara da zoɓo a bakin tasha, in ga motar Yamai ta tashi da Balki a ciki. Littafin da na aro a makaranta kuwa, na rasa wanda zan ba ya mayar.

Rana ta uku da hantsi Baba ya dawo daga gidan liman, ya ce Inna ta buɗe masa buhun shinkafa. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya zauna da kansa, mutumin da ban taɓa ganin ya taɓa mudu ba, ya auna ya zuba, ya sake aunawa, har kashi goma, kowane ya ɗora masa busasshen kifi. Sannan ya kira ni ya lissafa mini gidaje: tsohuwar da ɗanta ya nutse a gulbi, gurgun nan mai ɗinkin takalmi, matar da mijinta ya tafi Legas bai dawo ba, har goma. Ya ce ni zan kai, ɗaya bayan ɗaya, a kaina, kuma ta gaban tasha zan bi. Ban gane ba. A saninmu na yara ana fitar da sadaka irin wannan in an yi mutuwa, sai na ɗauka sadakar karatuna ce da ya mutu, an kuma bi da ni ta tasha don kowa ya ga mai laifi. Na yi ta sawu cikin rana mai ƙuna, ƙasa na cin tafin ƙafa, ina wucewa ta gaban shagon Baba Sani, shi da mutanensa suna bi na da ido. A sawu na huɗu ko na biyar na lura sun daina magana. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Kaffara ce." Baba Sani ya tashi ya shige cikin shago.

Da na dawo daga gida na goma na tarar da kayan makarantata a kan igiya, Inna ta fito da su tana kakkaɓewa. Ita ta fassara mini, tana magana ƙasa-ƙasa, idonta ya yi ja. Ta ce wanda ya rantse da Allah, sannan ya ga barin rantsuwar ya fi cika ta alheri, sai ya ciyar da miskinai goma ya warware. Ta ce tun da ta auri Babana ba ta taɓa ganin ya warware wallahinsa ba, ko a kan abin da ya jawo masa asara, yau ya yi, kuma da gangan ya bi da ni ta tasha don kada wani ya ce a ɓoye ya janye. Na tsaya riƙe da ƙwarya, ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Baba ya fito zai tafi masallaci, ya tsaya yana sa takalmi, bai dube ni ba, ya ce, "Ni na yi gaggawar rantsuwa, ke kin yi gaggawar shiga layi. Nawa na biya. Ke kuma ki dawo mini da ta ɗaya." Ya fita abinsa.

Ban zo ta ɗaya ba, ta biyu na zo, bai kuma yi mini faɗa ba. Amma warware rantsuwar nan ya jawo masa magana. Shekaru bayan haka in ya ce wallahi a tasha, akwai mai cewa cikin raha a tanadi shinkafa, Baba Sani kuma ya yi kusan shekara ba ya cin abincin gidanmu. Baba ya shanye duka. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko da wasa, har na gama kolej, na wuce lise, babbar sakandare, na zama ungozoma a gidan likita.

Yanzu makarantar ta shige tsakiyar gari, gidaje sun cinye gonakin geron, an ɗaga katanga an sa mata waya mai ƙaya. Ƴata tana can, in wani abu ya dame ta sai ta kira babanta a salula su yi ta musu kamar tsaran juna, ta ce masa bai gane ba, ya yi dariya. Ina jin daɗin haka. Ba na so ta san irin tsoron da na sani, na kwana arba'in da ciwo a ciki babu wanda za ka gaya wa. Amma in na je Gaya na ga zauren nan babu kowa sai kaji, sai in ji ina kewar mutumin da ake tsoron maganarsa haka, ya kuma karya ta a bainar jama'a saboda ni. A zamaninmu ƴa ba ta zama ta yi wa uba dogon zance. Ina ta jira in girma in samu bakin faɗa, har aka kira ni wata safiya aka ce ya rasu. Ban taɓa ce masa na gode ba.